Ƙwaryar Kuɓewar Inna Meram

"Inna, don Allah ki bar ƙwaryar nan a gida..."

Hanatu ce ke magana, tana tsaye a bakin ƙofa cikin leshin da saurayinta Yunana ya kawo mata ranar sa rana. Lahadin godiyar kaka ce. A cocinsu ana kiran kowane gida da sunansa, mutanen gidan su taso da rawa su kai abin da Ubangiji ya ba su gaban bagadi, daga baya a raba wa mabukata.

Abin da Inna Meram ta tanada busasshiyar kuɓewa ce, cike da tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe.

Hanatu ta yi ta lallashi. Ta ce dangin Yunana za su zo daga Damagum da buhunan gero har da rago, ga aure saura mako uku, me za su ɗauke su? Ta ce za ta sayi katan ɗin taliya a hanya.

"Taliya ba a bayan ɗakina ta fito ba," in ji Inna. "Bara war haka a kwance nake, sai an juya ni. Bana da hannuna na shuka wannan."

Da suka isa coci, Hanatu ta zame, ta kutsa tsakanin ƙannen Yunana ta zauna.

Zumuntar mata suka saki kiɗa. Aka kira gidan Baba Joda, mahaifin Yunana, suka taso kusan mutum ashirin, rago yana turjewa ana dariya. Gida bayan gida, har mai sanarwa ya ce gidan marigayi Dauda, mahaifin Hanatu.

Inna Meram ta miƙe ita kaɗai. Ta waiga sau ɗaya. Hanatu ta sunkuyar da kai tana buɗe jaka, kamar akwai abin da ya ɓace mata a ciki.

Tsohuwar ba ta sake waigawa ba. Ta ɗora ƙwarya a ka, ta shiga rawa da ƙafarta mai ɗingishi, fuskarta cike da murna kamar shanu ta kawo. Ba ta kai rabin hanya ba Yunana ya bar bencin maza ya bi bayanta yana tafi. Baba Joda ma ya dogara sandarsa ya bi su.

Ƙaramar ƙanwar Yunana ta taɓo Hanatu.

"Anti, ba Innarku ba ce?"

Hanatu ta ci gaba da laluben jakarta.

Bayan an tashi ta sami Yunana a gindin dalbejiya. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi. Ya ce shekarar da gonarsu ta ƙone yana yaro, daga irin wannan rabon suka sha miya har damina, bai kuma taɓa sanin ƙwaryar wa ce ba.

"Hanatuna, ni manomi ne. Wata shekara abin da zan kawo ba zai kai na Inna ba. Ranar ni ma jaka za ki buɗe?"

"Yunana, ka yafe mini..."

"Ba ni kika bari a tsakiyar coci ba."

Ta tarar da Inna a bakin ɗakin ajiya, an juye kuɓewar an maido mata ƙwaryarta. Hanatu ta durƙusa a ƙasa, leshin yana shan ƙura, tana hawaye.

"Tashi, kada ki ɓata kayan mutane," in ji Inna. "Na yi rawar, har da taki. Amma na waiga, Hanatu. Na waiga."

Hanatu ta karɓi ƙwaryar ta ɗora a kan gwaggwaronta, ɗinkin yana kallon jama'a. Ta riƙe hannun uwarta suka ratsa farfajiyar, ta gaban dangin Damagum, ta tsaya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ga Innarta.

A bakin get suka ji taku a bayansu.

"Mama," in ji Yunana, "in akwai ragowar kuɓewar nan a gida, surukinki da yunwa ya taso."