Bargon Tiburcio

Amparo ta sake ƙona wainar masara, idonta na kan taga.

"Ke, gawayi za mu ci yau?" in ji mahaifiyarta. "Ko kin cinye tagar nan da ido, Fermin ba zai biyo ta layin nan ba."

Tun ranar da dangin Fermin suka zo neman auren Amparo, mahaifinta Don Crisanto ya bar su tsaye ko kujera bai ba su ba, abinci ya daina yi mata daɗi. Laifin Fermin ɗaya ne, kuma ba shi ya aikata ba: kakansa na cikin sojojin da suka harbe Tiburcio, baffan mahaifinta, zamanin da gwamnati ta rufe coci-coci. Tiburcio ne mai kaɗa ƙararrawar coci. Aka ce ya faɗi inda fada, limamin cocin, ya ɓuya, ya zaɓi harsashi. Hotonsa na falo, kyandir ba ya mutuwa a gabansa.

"Har bargon kafaɗarsa suka sace," haka Don Crisanto ke faɗa kullum. "Jinin ɓarayi ba zai shigo gidana ba."

Ran Lahadi Fermin ya tare ta a bayan coci.

"Zan tsallaka Amurka aikin gini. Ki biyo ni, Amparo. Rabin matan garin nan guduwa suka yi, daga baya aka shirya."

Zuciyarta har ta riga ta shiga mota. Amma ta ce, "Tiburcio ma ya ga hanyar gudu, ya tsaya. Ba zan bar ka ba, amma ba zan fita gidanmu ta katanga ba."

"Shi shahidi ne, ni birkila ne kawai," in ji Fermin, yana dariyar da ta fi kuka ciwo.

Ya tafi. Aka girbe masara, aka sake shukawa. Kewa ta ci ta har siket ya koma yi mata yawa. Takan durƙusa gaban hoton ta ce, "Baffa, kai safiya ɗaya ka daure, ni kuwa kullum ne. Ara mini kaɗan daga ƙarfin halinka."

Don rage zafi ta riƙa kai wa Doña Chole, kakar Fermin, abinci. Wata rana tana gyara mata akwati ta ga wani tsohon bargo mai jan layi, irin na cikin hoton sak. Tsohuwar ta fashe da kuka. Amparo ba ta bar ta ba sai da ta riƙo hannunta har gaban mahaifinta.

"Ba sata ba ce, Crisanto," in ji Doña Chole. "Mijina yaro ne lokacin, kama shi aka yi aka sa masa kaki. Ga sanyi, ga tsoro, ga bindiga a hannunsa. Baffanka ya cire bargon ya yafa masa, ya ce, 'Ni na gama da shi, ɗana. Na yafe maka.' Har mijina ya mutu bai taɓa rufa da shi ba, kunya kuma ta hana shi kawowa."

Don Crisanto ya daɗe yana shafa bargon, hawaye na bin gashin bakinsa.

"Shekara da shekaru ina kunna masa kyandir, ashe ban san shi ba." Ya juyo. "Amparo, aika wa birkilan nan ya dawo. A gaya wa danginsa wannan karon akwai kujera."

Ranar auren, da suka durƙusa gaban fada, Don Crisanto da hannunsa ya yafa musu bargon a kafaɗa. Haƙuri ya biya Amparo abin da gudu ba zai ba ta ba. Kuma idan wanda aka kashe ya yafe, mai rai ba shi da hujjar riƙo.