Sauron Disamba

Ƙararrawar ƙofa ta sake kaɗawa, Hansai kuwa tana durƙushe a banɗaki tana kelaya amai. Kanta na sarawa, harshenta ya bushe ƙamas, hasken taga ma soka mata ido yake yi.

"Hansina! Buɗe mana, ni da Mma ne!"

Muryar Nashiru ce, saurayinta.

Innalillahi! Yau Asabar! Yau ce ranar da mahaifiyarsa, Hajiya Amamata mai shagon kayan miya a titin Rye Lane nan London, ta yi alkawarin zuwa ganinta a karo na farko. Da la'asar aka ce fa. Me ya kawo su da safe?

Wannan zuwan ba da sauƙi aka same shi ba. Hajiya 'yar Zangon Kumasi ce, ta daɗe tana cewa 'yan bokon Kano raini ne da su, ɗanta ba zai ɗauko wadda za ta yi masa kallon hadarin kaji ba. Shi ma Yaya Uwaisu, yayan Hansai likita wanda take zaune a flat ɗinsa, ba ya kiran Nashiru sai "direban 'yan giya", don tasin minicab yake ja, yana kwasar mashaya daga bakin gidajen giya. Da ƙyar ya sauko kafin ya tafi hutu gida Najeriya.

To ga ƙanwar likita yau.

Jiya ana shirin fatin Kirsimeti a ofishinsu da ke kusa da Charing Cross, sai ga waya. Katumi ce, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda kowa ya san da Nashiru take kwana da shi take tashi a ranta.

"Don kar ki ji a sama ne," in ji ta. "Mma ba ganinki za ta zo yi ba, sallamarki za ta zo yi. An gama magana ni da shi."

Hansai ta ajiye waya. Shekara da shekaru tana riƙe kofin lemo a irin wannan fati ana tsokanarta. Jiya kam, da aka miƙo mata jar giya, ta karɓa. Ba wanda ya yaudare ta, ba wanda ya zuba mata a ɓoye. Cikinta babu komai ta sha, ta ƙara, ta kuma ƙara, don kawai zuciyarta ta yi shiru. Abin da take iya tunawa na ƙarshe shi ne saukowarta daga bas a Peckham tana dafa bango.

Ta wanke baki, ta goga turare, ta yafa mayafi, ta buɗe ƙofa.

Ga Nashiru da murmushinsa, ga Hajiya ta cika ƙofa da ƙatuwar jakarta, ga kuma Katumi a baya, ta sha jan baki tana wani lumshe ido. Nan take Hansai ta gane. Ashe a kan idon Katumi ta sauko daga bas, shi ya sa ta taso su da wuri!

Ta durƙusa. "Sannunku da zuwa, Mama... ina kwana?"

Falon ya juya mata, sai da ta dafa kujera.

"Subhanallahi! Yarinyan nan ba shi da lafiya," Hajiya ta ce da Hausarta ta Zango. "Mene ne ya same ki?"

"Zazzaɓi ne, Mama... maleriya."

Ƙaryar kowane baƙon London ke nan, ita ta fara zuwa bakinta.

Nashiru ya matso zai taimaka mata. Taku ɗaya ya yi ya tsaya cak. Mutumin da kullum sai ya wanke kujerar motarsa saboda wannan warin, turare zai ɓoye masa? Murmushinsa ya ɗauke. Ya dube ta, ta sunkuyar da kai, ta ji ina ma ƙasa ta tsage ta shige.

Katumi ta tafa hannu tana dariya. "Maleriya? Sauro a London, a Disamba? Ke da rabonki da Najeriya tun yaushe? Kai, wannan sauro da jaket yake yawo!"

"Yana kwanciya a jini," Hajiya ta ce, tana laluben jaka. Ta zaro kulorokwin, irin wanda ba ta rabuwa da shi. "Haɗiye."

"Mma, bari in kai ta wurin likita," Nashiru ya ce da sauri. "Ba a shan wannan haka kawai."

"To ba maleriya ba ne?"

"Shi ne, Mma."

"Yaya Nashiru," Katumi ta ce a hankali, "in ka tabbata, rantse wa Mma mana."

Hajiya ta ɗago ta zuba wa ɗanta ido.  Hansai ta ga ya buɗe baki.

"Mma, walla..."

"Kar ka ƙarasa!"

Ita kanta ba ta san ta yi ihun ba. Ta zube a gaban Hajiya, hawaye na kwarara.

"Kar ka ɗauki zunubi saboda ni... Mama, ba zazzaɓi ba ne. Giya na sha jiya. Da hannuna na karɓa, ina sane. Ban taɓa ba sai jiya, amma na sha..."

"Kin ji ko, Mma!" Katumi ta yi tsalle. "Ai na faɗa miki! Tana tangaɗi a titi kamar..."

"Katumi."

"Na'am?"

"Je ki buɗe mini shago."

"Amma Mma..."

"Na ce je ki!"

Ta fita tana buga ƙafa. Nashiru ma ya juya ya fita, Hansai tana jin takunsa a matakala har ya ɓace. Shi ke nan, ta ce a ranta, ta yi wa kanta.

Hajiya ta cire mayafi ta nufi kicin kamar gidanta. Ta dawo da babban kofi na ruwa, ta sa gishiri kaɗan da sukari.

"Kurɓa a hankali. In kin gama a ƙara. Kar ki taɓa gahawa, kar ki ƙara turaren nan, tashin zuciya zai ƙara miki."

Ta ja labule ta rage hasken, ta jiƙa tawul ta ɗora mata a goshi. Can sai ƙamshin romo da citta ya cika gidan. Wallahi da duka Hajiya ta rufe ta da shi, da ya fi wa Hansai sauƙi a kan wannan jinyar.

"Mama... ina kika san duk wannan?"

Hajiya ta daɗe tana juya cokali a kwano.

"Baban Nashiru," ta ce. "Allah ya jiƙan shi. Duk safiya ni ke fita in ce wa maƙwabta maleriya ne. Har ya mutu bai taɓa buɗe baki ya ce mini ya sha ba. Wannan ciwo ba shi da magani sai ruwa da barci da haƙuri. Rigakafin shi kuwa ɗaya ne, kar a fara."

Ta miƙa mata kwanon.

"Yarona bai taɓa rantse mini a kan ƙarya ba. Ke kika kai shi bakin rami, ke kuma kika jawo shi baya. Ban sani ba, in zage ki ne ko in gode miki. Sha romon."

Sai bayan azahar Nashiru ya dawo, idanunsa jawur. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Me ya sa, Hansai?"

"An ce mini an ba ka Katumi..."

"Sai ki kasa kirana? Sai kwalba?"

"Ba ni da bakin magana. In ka fasa, ban ga laifinka ba."

Ya goge fuska da tafin hannu.

"Na zagaya Peckham ina neman yadda zan tsane ki," ya ce. "Na kasa, masoyiyata... Amma na ga abin nan ya cinye babana. Ba zan sake kallo ba."

"Ba za ka sake gani ba. Tsakanina da Allah."

Da Yaya Uwaisu ya dawo, da bakinta ta faɗa masa. Ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarta. Amma daga ranar bai sake kiran Nashiru da wancan suna ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Ranar walima zauren da aka kama ya cika da matan Zango da matan Kano, ga waakye, shinkafa da wake irin na Zango, ga tuwo. Amarya na zaune kanta a ƙasa, don har yanzu ba ta iya haɗa ido da surukarta. Sai ta lura ana raɗa. Katumi ce ke bin tebur tebur, mata na waiwayowa suna riƙe haɓa. Hansai ta damƙe hannun Nashiru.

Hajiya Amamata ta miƙe, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta zo ta tsaya a bayan amarya ta dafa kafaɗarta.

"Na ji ana maganar ciwon da 'yata ya yi a Disamba," ta ce da ƙarfi. "Ni na yi jinyar shi da hannuna. Duk mai son sanin sunan ciwon, ga ni nan, ya taso ya tambaye ni."

Ta tsaya tana jira.

Ba wadda ta taso.