Ɗigon da Ba Shi da Lamba

Rana na shirin faɗuwa Sajan Lorna Tafoya ta ɗauki motar sansani ta nufi ɗakin faifai, inda na'urorin adana hotuna suke, mil huɗu cikin filin ciyawar Colorado. Tana tuƙi tana zagin shugabanta, Kyaftin Haskins. Zagin ya ɗan taɓa kakanninsa ma.

Aikinta duba hotunan da tauraron ɗan'adam na soja ke aikowa daga sama. Duk abin da ke yawo a can, ko guntun ƙarfe ne, yana da lamba a kundi. Mako uku ke nan tana ganin wani ɗigo da ba shi da ita. Sau biyu ta kai rahoto, sau biyu Haskins ya goge.

"Datti ne a idon kyamara, Tafoya. Ki sake kawo min shi, ki bar kujerar nan."

Mutum ne mai ilimi. Daga nisan mil dubu ashirin yake gane datti.

Ainihin hotunan a ɗakin faifai suke sauka, ƙarfe bakwai na'ura ta share su. Su ta zo kwasa, ta je ta dangwarar masa a tebur ya gani da idonsa.

Ta goga katinta, ƙofa ta buɗe, ta rufe a bayanta. Sanyi. Fankoki na gurnani. Sai wani ƙauri, kamar gashi ya taɓa wuta.

Ta kunna allo. Ɗigon na nan, ya ƙara girma. A hoto na gaba babu tauraro ko ɗaya. Ciyawa ce, da rufin kwano, da mota an bar ƙofarta a buɗe.

Motarta.

Wannan kyamarar ba ta kallon ƙasa. Ba a ƙera ta don ta iya ba.

Oba-obar da ke ƙugunta ta yi ƙara da muryar Haskins.

"Tafoya! Uban wa kika shigar min ɗakin nan?"

"Ni kaɗai ce, yallaɓai."

"Ƙofa ta nuna katinki ya shiga sau biyu. Ni za ki mayar sakarai?"

Fankokin suka tsaya cak.

Hoto ya canza. Ƙeyarta ce, da gashinta a ɗaure, da wuyan rigarta.

Numfashi mai sanyi ya sauka a kunnenta.

"Ba ni lamba."

Haushin mako uku ya riga tsoro zuwa bakinta.

"Ba ni ke bayarwa ba," ta ce. "Je ka wurin Haskins. Shi ke sa hannu."



Ƙofa ta buɗe da kanta.

Ba ta san yadda ta kai mota ba. Ko hoto ɗaya ba ta kwaso ba.

Washegari aka ɗauke ta daga kujerar, bisa laifin shigar da baƙo da katinta. Aka mayar da ita gadin ƙofar sansani, ɗaga sanda da sauke sanda.

Kullum da yamma motar Haskins kan zo fita. Ya rame. Ya daina duba madubi. A kujerar baya, daidai ƙeyarsa, akwai mai zama.

Doka ta ce a karɓi katin duk wanda ke cikin mota. Na Haskins kawai take karɓa, ta sara masa, ta ɗaga sanda.