Jan Hannun Doña Eufemia

Nayeli na gasa tortilla, wainar masara, a bakin murhu, amma idonta na kan hannun mahaifiyarta. Shekara talatin Doña Eufemia tana niƙa busassun ƙwarin da ke zama a jikin nopal, wani tsiro mai ƙaya, tana rina ulu da su, har jan ya zauna mata a farce da tafin hannu, ba sabulun da ke fitar da shi.

"Mama, gobe ranar kimiyya ce a makarantarmu, iyaye za su zo. Ki taimaka ki nuna wa ɗalibaina rini."

"To, ai aikina ne. Ba ni ce mai kawo miki kaya ba?" in ji tsohuwar, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Tortillar ta ƙone. Ashe Mama ta ji.

Mako biyu ke nan da abin ya faru. Nayeli na tsaye a ƙofar makaranta da Rogelio, wanda zai aure ta, da mahaifiyarsa Doña Amparo mai kantin magani, sai ga Mama da abincin da Nayeli ta manta a gida. Doña Amparo ta dubi hannun nan ta yatsina fuska. "Wace ce wannan?"

"Mai kawo min kayan gwaji ce," Nayeli ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Rogelio, da ya sha cin abinci daga wannan hannun, ya zuba wa Nayeli ido. Tun ranar bai sake tako gidansu ba. Saƙo ɗaya ya aiko: "Idan Mama abin ɓoyewa ce, ni yaushe nawa zai zo?"

Ranar kimiyya da safe, aji huɗu ya cika. Doña Amparo na zaune a baya saboda jikarta, Rogelio da ya rako ta na jingine da ƙofa. Mama ta shigo da dutsen niƙanta, ta durƙusa ta niƙa ƙwarin, ta jiƙa, ta raba jan ruwan a kofi uku. Nayeli ta matsa lemon tsami a na farko, ya koma ruwan goro. Ta ɗiga ruwan toka a na biyu, ya zama shunayya. Na uku ta bar shi ja don a gwada. Yara suka hau kan benci suna leƙe.

"Tsami ke jan sa gefe ɗaya, toka ta ja shi ɗaya gefen," ta yi musu bayani.

Jikar Doña Amparo ta ɗaga hannu. "Malama, a wane littafi kika koya?"

Nayeli ta dubi Mama, wadda ta ja gefe ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi don kada ta ba 'yarta kunya. Wannan ɓoyewar ce ta karya mata zuciya.

"Ba a littafi ba ne," ta ce. Ta je ta zaro hannun nan ta riƙe. "A wajen wannan na koya, tun ina shekara biyar. Mahaifiyata ce. Doña Amparo, ƙarya na yi miki ranar nan. Mama, ki yafe min."

"Share hancinki, 'yata, yara na kallo," in ji Mama, ita ma idonta ya cika.

Doña Amparo ta ce, "Laifin har da nawa. Fuskar da na yi ce ta tsorata ki."

Da aka tashi, Rogelio ya saɓa dutsen niƙan a kafaɗa. "Doña Eufemia, da sauran tortilla a gida?"

"Akwai, amma ƙonanniya ce. Malamarka ce ta gasa."

Bayan girbin masara aka ɗaura aure, Doña Amparo na yafe da jan mayafi rinin Mama. Haƙurin uwa ya yi rana. Nayeli kuwa har yau takan sunkuyar da kai in ta tuna, domin ta gane cewa duk wanda ya ji kunyar hannun da ya raine shi, kansa ya kunyata.