Ƙafar Malamin Lissafi

Ranar Litinin ce, layin ɗakin wankin ciwo ya miƙe har baranda, lokacin da Auta ta ɗaga murya ta ce na gaba ya shigo. Auta sunan gida ne, amma ya biyo ta har asibiti, likitoci da masu shara duk da shi suke kiranta. Shekararta uku tana aikin nas a sashen masu ciwon suga, kuma ƙafafu ne aikinta. Tsofaffi ta saba gani. Don haka da wani dogon saurayi ya shigo da garin alli a hannun rigarsa, sai ta leƙa bayansa.

"Ina majinyacin?"

"Ga shi a gabanki," ya ce yana murmushi. "Likita ne ya turo ni. Ni ba abin da ke damuna, safata ce kawai na ga ta ɓaci."

Ta sa ya hau gado ya cire takalmi. A ƙarƙashin babban yatsan ƙafar hagu akwai rami kamar faɗin maɓallin riga, gefensa ya yi kanta. Ta zura hannu cikin takalmin, ta zaro ƙaramar ƙusa irin ta maƙala takarda a allo, ta ɗora masa a tafin hannu.

"Tun yaushe kake taka wannan?"

Murmushin ya gushe. "Wallahi ban ji ba."

Malamin lissafi ne a wata sakandare, yana da ciwon suga tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, shi yake yi wa kansa allurar insulin. Ta ce ya rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafar da wani siririn tsinke na roba, in ya ji ya amsa. Sau goma ta taɓa, sau uku ya amsa.

"Uku cikin goma, Malam. Ko a ajinka wannan faɗuwa ce."

"A ajina ana sake jarrabawa."

Ta kusa yin dariya, ta danne. Tana kankare kantar tana yi masa bayani: suga ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai labarin zafi, shi ya sa ƙafar ta daina kai ƙara. Sa'arsa ɗaya, jini na gudu sosai a cikinta. Ta ɗaura masa wani ƙaton takalmin asibiti mai maɗauri uku, wanda ke ɗauke nauyi daga kan ciwon.

"Daga yau idonka ne zai yi aikin da ƙafar ta bari. Kullum ka duba ta, ƙarƙashin ma ka sa madubi. Kada ka sa takalmi ba ka lalube cikinsa ba. Kada ka tsoma ta a ruwan zafi. Kuma a zaune za ka koyar."

"Lissafi a zaune?"

"Ko a zaune da ƙafa biyu, ko a tsaye da ɗaya. Ka zaɓa."

Sati tara yana zuwa, Litinin da Alhamis. Bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa faɗin wata kalma da ta wuce gaisuwa da zancen ciwo ba. Ita ce dai ta lura tana gyara ɗankwali duk ranar Litinin da Alhamis. Ranar da fata ta rufe ramin ruf, likita ya sallame shi, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya katinsa.

"Yanzu na daina zama majinyacinki, ko?"

"Ka daina."

"To ina da magana."

Ya karɓi lambar wayarta, da yammacin ranar saƙonsa na farko ya shigo:

"Likitata, na duba ƙafa, na duba suga, duk lafiya. Saura zuciya, ita ce madubi ya ƙi nuna min. Ko za ki taimaka?"

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta rubuta: "Ba sashena ba ne, Malamina. Amma kawo in gani."

Wata shida suna tare kafin ya ce yana so ya gaida mahaifinta. Baba tsohon direban manyan motoci ne, mutum mai magana ɗaya. Kuma akwai wanda ransa ya daɗe da kwantawa da shi a matsayin suruki: ɗan amininsa, wani saurayi mai kemis a bakin titinsu, wanda kullum yake aiko wa Mama da maganin ciwon gwiwa, yana gaida Auta tana amsawa a taƙaice.

Ranar Asabar Malam ya zo. Auta ta fito da tiren ruwa, sai idonta ya faɗa kan takalman da ke bakin falo. Sababbi ne fil, baƙaƙe, masu tsinin baki, suna ƙyalli. Ba irin mai faɗi mai laushi da likita ya ce ya riƙa sawa ba. Daga tashar mota zuwa gidansu tafiya ce mai nisa.

Ba ta sami damar magana ba, don Baba ya riga ya fara.

"An ce min kana da ciwon suga."

"Haka ne, Baba."

"An ce har ƙafa ta taɓa ruɓewa."

"Ciwo ne ya fito, amma ya warke."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Yaro, ban ga aibunka ba. Amma yayana da wannan ciwon ya tafi. Daga yatsa aka fara, aka koma idon sawu, aka koma gwiwa. Ni na riƙa goya shi zuwa bayan gida. Matarsa ta tsufa kafin lokacinta. Ba zan miƙa 'yata da hannuna ta je ta yi jinya ba. Ka yi haƙuri."

Malam ya yi godiya, ya miƙe, ya tura ƙafafunsa cikin takalman ya fita. Auta ta bi shi da ido har ƙofa. Ko ɗingishi ba ya yi, kuma hakan bai kwantar mata da hankali ba, don ta san ƙafar ba ta faɗin gaskiya.

Ta tura masa saƙo: "Ka cire takalman nan yanzu. Ka duba tsakanin yatsu. Maganar Baba kuma ka bar min."

Ya amso: "Lafiya lau, Likitata."

Kwana uku tana roƙon Baba, ta sa Mama ta sa baki, bai motsa ba. Shi kuma Malam saƙonninsa suka fara gajarta. Ta ce ya zo asibiti ta gani, ya ce ana jarrabawa. Ta kira, bai ɗauka ba. A rana ta goma ya rubuto:

"Ki bi maganar Baba. Ya fi mu ganin nesa. Allah ya haɗa ki da mai cikakkiyar lafiya."

Ta zauna a ɗakin ajiye magani ta yi kuka mai isarta, sannan kukan ya koma fushi. Ashe haka yake, tsawa ɗaya ya watse? Da ta dawo gida ta tarar da mai kemis zaune da Baba, har yana ce mata, "Auta, kin rame. Wasu mutanen ba su cancanci a rame dominsu ba." Ta wuce ɗakinta.

Ranar Laraba da hantsi, tana tsakiyar naɗe wa wata tsohuwa bandeji, ta ji ana kiranta a baranda. Wata mata ce tana tura keken marasa lafiya, mayafinta na jan ƙasa.

"Ke ce Auta? Ni yayarsa ce. Ya hana ni kawo shi nan, yau na ce ko zai mutu sai na kawo shi."

Malam ne a keken, jikinsa na kakkarwa, leɓɓansa sun bushe. Ya kau da kai. Auta ta durƙusa ta warware tsumman da ke ƙafar, warin ya riga idonta isa. Ƙaramin yatsan ƙafar hagu ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura, ja ya haura har idon sawu.

"Takalmin ne?" Auta ta tambaya.

Ya gyaɗa kai. "Ƙwarzane ne kawai. Na ji kunya ki gani, bayan duk abin da kika faɗa min. Ban so Baba ya gan ni da takalmin marasa lafiya ba."

"Wa ya duba maka ita?"

Yayar ce ta amsa. "Da ya fito daga gidanku ya tsaya a kemis ɗin bakin titinku. Mai shagon ya ba shi ƙwayoyi da wani man shafawa, ya ce ba sai an je asibiti ba, wai can ba su san komai ba sai yanka."

Auta ta miƙe. Ta tura keken da kanta zuwa wurin likita.

Likita ya taɓa bayan ƙafar yana neman bugun jini, ya samu. Aka auna suga, ya yi sama sosai. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗaura ruwa da maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya. Ya ɗauki biro ya zana layi a fata, daidai inda jan ya tsaya.

"Yatsan ya mutu, yau za mu cire shi. Sauran ƙafar kuma, wannan layin ne zai gaya mana. In jan ya ja baya cikin kwana biyu, mun tsira da ita. In ya tsallake, za mu yi wata maganar." Ya dubi Auta. "Ke kuma ba za ki shiga tiyatar ba. Abin ya shafe ki da yawa."

Ta fita baranda ta kira Baba. "Yana asibiti. Za a cire masa yatsa. Takalmin da ya sa don ya gaishe ka ne ya jawo. Ban kira don in ɗora maka laifi ba, Baba, na kira ne don ka san inda nake."

A ranar aka cire yatsan. Washegari jan yana nan a kan layin, bai matsa ba. Duk bayan awa ɗaya sai ta bar aikinta ta ɗaga zanin gado ta duba. Malam ya kama gefen rigarta.

"Ki yafe min saƙon nan."

"Ba saƙon ne ya ƙona min rai ba. Ka ɗauka ƙafa na so? Tun ranar farko ciwonka na fara gani kafin in ga fuskarka."

Gyaran murya suka ji. Baba ne tsaye a ƙarshen gadon, ba su san tun yaushe ba. Ya matso ya daɗe yana kallon bandejin da layin biron.

"Yayana ma haka ya yi," ya ce a hankali. "Wata biyu yana ɓoye ciwon a cikin safa. Da muka gani, ni ne na ce kada a kai shi asibiti, za su yanke. Ni na riƙa kawo masu ɗauri gida." Ya share fuska da tafin hannu. "Shekara goma sha ɗaya ina cewa ciwon suga ne ya kashe shi."

Baba ya ja kujera ya zauna, bai tashi ba sai da aka kori masu ziyara. Da safe kuma shi ya riga kowa zuwa. Yana tsaye likita ya ɗaga zanin. Jan ya sauka ƙasa da layin da faɗin yatsu biyu, kumburin ya saki har fata ta yi tamoji.

"Alhamdulillahi," in ji likita. "Ƙafa ta zauna."

Auta ta juya ta fuskanci bango. Baba ya dafa ƙarfen gadon.

"Malam, ban janye tsorona ba, yana nan. Amma na ga abin da ɓoyo yake yi, na ga abin da magani yake yi. In na ba ka Auta, ko ƙaiƙayi ka gani a ƙafar nan za ka faɗa?"

"Zan faɗa, Baba."

"In ka ji kunyarta, ni ka kira ni. Ina da mota."

Auta ta gaya wa Baba wanda ya hana Malam zuwa asibiti, a hanyar gida ya tsaya a kemis. Abin da ya faɗa wa ɗan amininsa ba wanda ya ji, amma daga ranar maganin gwiwar Mama daga asibiti ake karɓo shi.

Wata huɗu ciwon ya ɗauka kafin ya rufe, kuma wata nas ce ta riƙa wanke shi, don likita ya ce Auta ta cika faɗa. Sati uku bayan sallama aka ɗaura aure. Gida ya cika da nas-nas da malaman makaranta, har da tsofaffin majinyatanta da suka zo a kan sanduna, kowa na cewa 'yarsa ce.

Da za a tafi da ita, ta durƙusa gaban iyayenta, ango na gefenta. Mama na ta share hawaye. Baba ya ɗora hannu a kanta, ɗayan a kafaɗar surukinsa.

"Na ba ka autata, ita ce ƙarshen abin da nake da shi. Ki riƙe shi, ya riƙe ki. Allah ya ba ku lafiya mai ɗorewa, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare, kowa yana tafiya da ƙafarsa."

Gidan gaba ɗaya ya ɗauka da amin.