Tagar Baƙin Gilashi

Ranar da Hasiya ta fara ganin Jabiru, da farko ko fuskarshi ba ta gani ba. Yana duƙe a rumfarshi ta bakin kasuwar Malanville, ya rufe fuska da garkuwa mai baƙin gilashi, yana liƙa ƙafar amalanke. Ita kuwa dambu take saidawa a tsallaken hanya. Tartsatsi na tashi, shuɗin haske na walƙiya, yarinya ta saki ludayi ta ƙura ido. Da ya ɗaga garkuwar don ya share gumi, sai ta ga ashe mai waldar ya fi wutar kyau.

Washegari ta tashi idanu jajur kamar an zuba mata yashi, hawaye ba tsayawa. Kwana biyu ba ta fita ba. Da ta dawo, sai ta iske an kafa dogon kwano ya tsare rumfar daga hanya. To fa! Wato kallonta ne ya ishe shi? Da ya zo sayen dambu, ta zuba mishi ba mai, ba yaji, ba ko sannu.

Da ya maido tasar, akwai takarda a ciki.

"Tauraruwata, ba ke na tsare ba, hasken na tsare. Shi ya ƙona miki ido, kuma tun da na ji ban samu sukuni ba. Wutar walda ba a kallonta da ido tsirara. In kallo kike so, ga ni nan in na kashe inji."

Sau uku ta karanta. Amsarta gajera ce: "Sarkin wuta, na yafe. Gobe akwai mai da yaji."

Soyayya ta kankama, har manyan Jabiru suka je wajen mahaifinta, Malam Na-Allah, mai lambun albasa a Garou. Tsoho ya ce a kai kasuwa. Masu walda uku ya sani, biyu ana jansu da sanda, na ukun hannunshi a ƙone.

"Ban ba da ɗiyata ta koma 'yar jagora," in ji shi.

An yi mishi bayani cewa waɗancan da tabarau na gayu suka yi aiki, Jabiru kuwa bai taɓa kunna inji ba sai da garkuwa da safar fata. Ya ce surutu ne. Shi Ɗan'iya yake so, wani dillalin albasa mai babur da zaƙin baki. Hasiya ta yi kuka har ta gaji, don ita dai Jabiru take so.

Ana nan, tsohon ya sayo tano, gangar ƙarfen nan da ake zuba isansi, wato man fetur, yana son a liƙa mishi famfo don ban ruwan lambu. Ya kai wa Jabiru, wai ya gwada shi. Jabiru ya sunsuna bakin tanon, ya durƙusa ya ce sai gobe, sai ya wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ya cika shi da ruwa, sannan wuta ta taɓa shi.

"Ba ka ga wayam yake ba?"

"Baba, wanda babu komi cikinai shi ya fi haɗari. Man ya tahi, tururinai na nan."

Tsoho ya fusata, ya ce ga tsoro ga iyayi. Ɗan'iya, da ke biye da shi kamar jela, ya ɗora tanon da tsohon a babur ya kai wa wani mai walda a tasha, nan kusa, wanda ba ya tambaya. Wuta na taɓa ƙarfen aka ji dam! Murfin ya tashi sama ya sauka bisa motar zuwa Gaya. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, sai gemun Malam Na-Allah da ya babbake gefe guda. Ɗan'iya kuwa ƙafa me na ci ban ba ki ba, ko waiwayen surukin da yake nema bai yi ba. Babur ɗin ma sai la'asar ya dawo ɗauka.

Wanda ya sheƙo da gudu, bokitin ruwa a hannu, Jabiru ne. Ya tada tsohon, ya kakkaɓe mishi riga, bai ce ai na faɗa ba.

Kwana uku, sai ga Malam Na-Allah a rumfar da rabin gemu. Ya daɗe yana juya garkuwar a hannu, ya kara ta a fuska, sannan ya aje.

"Wanda ya ji tsoron wuta don tsoho, zai ji don matatai. Ka turo manyanka."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure, har daga Gaya, ƙetaren kogi, aka tsallako gada. Gadon amarya ango ne ya haɗa shi da hannunshi, ko ƙara ba ya yi. Hasiya ta ci gaba da dambunta, kwanon nan ma yana nan, sai dai Jabiru ya huda mishi 'yar taga daidai tsayinta, ya sa baƙin gilashi.

"Yanzu ki kalla har ki ƙoshi, Tauraruwa."

Ta leƙa, ta yi dariya ta ce har yanzu mai waldar ya fi wutar kyau. Allah ya bar su tare, ya bar musu idanunsu su ga jikoki.