Inda Dogo Yake Kwance

Da la'asar suka iso masaukin kan dutsen, su uku: Maman Dogo, da mijinta, da Auta, 'yarsu da ta gama makarantar koyon jinya. Wurin bai canja ba. Ga dogon teburin cin abinci, ga murhu a tsakiyar ɗaki, ga sandunan hawa jingine a bayan ƙofa, ga safunan baƙi a shanye a kan igiya suna ta wari. Mai masaukin ya ƙara tsufa, amma tun daga nesa ya gane su. Bai tambaye su ina na huɗun yake ba.

Shekarun baya su huɗu suka hau wannan hanya. Dogo, babban ɗansu, shi ya matsa sai an zo, don shi in ya hango tudu ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Duk tafiyar yana yi wa uwarsa tsiya, wai tana hawa kamar ta ɗauro keken ɗinkinta a baya. Da suka kai wata kwana inda hanyar ta tsuke, ya ce su huta, zai leƙa gaba ya dawo. Gajimare ya sauko ya rufe komai. Aka yi ta nema har masu neman suka gaji, ko takalminsa ba a gani ba.

Tun daga ranar Maman Dogo ba ta yi kuka ba. Tana ɗinkinta, tana girki, in an yi mata magana ta amsa, amma zuciyarta ta koma kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Mijin ne ya ce su dawo, ko ganin wurin zai sa ta fashe ta huta.

Kafin su fita, mai masaukin ya rataya wa kowannensu usur a wuya.

"In kun rabu, ku busa," ya ce. "Kada a kira sunan kowa a saman nan, balle rana ta yi ƙasa. Amsa-kuwwa na ruɗa mutum. Kuma ba ita kaɗai ke amsawa ba."

Suka taka har kwanar. Maman Dogo ta tsaya a bakin kwarin tana jiran ta ji wani abu, ba ta ji komai ba sai sanyi a kunnuwanta. Ba ta ma yi niyya ba, bakinta ne ya buɗe da kansa.

"Dogo!"

Duwatsu suka maido mata da sunan, suka sake maidowa, suka yi shiru. Sai can ƙasa, bayan komai ya lafa, aka ce, "Na'am."

Ba wanda ya dubi wani. Auta ta shafa ƙeyarta, ta ce su koma, jikinta ya yi nauyi.

Sun idar da magariba suna zaune a teburi, dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano. Na biyu ya biyo shi, sannan suka fara zuba ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai jifan ba ya sauri. Mai masaukin ya fita da tocila ya dawo da tsakuwa a hannu, jiƙe take sharkaf, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

Auta ta ajiye cokali. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan benci, irin zaman da aka yi ta yi wa yayanta faɗa a kai, ta dubi uwarta.

"Mama, har yanzu da keken a bayanki kike hawa?"

Muryar Dogo ce, har da 'yar shessheƙar da yake yi in zai yi dariya. Kofin shayi ya kufce daga hannun uban. Sauran baƙin suka tattara kwanoninsu suka shige ɗakuna. Ita kuwa Maman Dogo, abin da ya zo mata a rai kawai shi ne safar Auta ta jiƙe, ya kamata a canja mata. Ta tashi ta ɗauko wata.

Gari na wayewa uban ya gangara ƙauyen da ke gindin dutsen neman malami. Yini guda Auta na kwance idonta biyu, ba ta ci ba, ba ta sha ba, leɓɓanta suka bushe suka tsage. In uwar ta matso, muryar nan sai ta tambaye ta labarin gida, da maƙwabta, da ko an gyara famfon tsakar gida. Ita kuma ta riƙa amsawa. Ta san ba daidai ba ne, amma ta amsa.

Rana na shirin faɗuwa malamin ya iso, tsoho, yana dogara sanda yana haki.

"Wanda ya zaɓi saman dutse dai bai tausaya wa gwiwata ba," ya ce, ya nemi ruwan alwala.

Ya zauna a gefen kan Auta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Jifan ya dawo. Ya ci gaba. Jikin yarinyar ya sanƙare, yatsunta suka danƙare a jikin bargo.

"Mama, yana ƙona ni! Ki hana shi!"

"Ajiye muryar da ba taka ba," in ji malamin. "Matattu ba sa dawowa. Wane ne kai?"

Muryar da ta fito bayan nan busasshiya ce, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

"A kwarin nake zaune. Ina nan ya faɗo. Na ji maganganunsa kafin ya daina, shi ya sa na iya su. Kirana aka yi, na zo."

"Ba kai aka kira ba. Fita."

"Zan fita. Amma ba da kai zan yi ciniki ba." Idanun Auta suka juya kan uwar. "Na san inda yake kwance. Ki bar min wannan ta zauna da ni, ni kuma in kai ku har wurin. Ki kwashe shi, ki yi masa sutura, ki san inda za ki riƙa zuwa."

"Baiwar Allah, kada ki saurare shi," in ji malamin. "Irinsu gaskiya ɗaya suke haɗawa da ƙarya ɗari. Ki ce ba ki yarda ba, ni kuma in ƙarasa aikina."

Maman Dogo ta zuba wa murhu ido. A ranta tana ganin kabari ƙarami mai tsafta, da wurin tsugunawa a gefensa. Wutar murhu ta ci icen da ke ciki har ya karye. Mijinta ya kira ta, ya sake kira. Tana jin sa kamar daga wani gida yake magana.

Sai idonta ya sauka a kan leɓen Auta, inda ya tsage, jini ya taru a wurin.

"Ba na so in sani," ta ce. "Ka riƙe shi. Ba ni 'yata."

Malamin ya ɗaga murya da karatu, ya shafa ruwan a fuskar yarinyar. Auta ta yi wani dogon atishawa, jikinta ya saki gaba ɗaya. Rufin ya yi tsit.

Da safe suka kama hanyar sauka. Uban na gaba tare da malamin, yana riƙe masa hannu a wuraren santsi. Auta na tafe a hankali a gefen uwarta, lulluɓe da bargon masauki. Sai da suka yi nisa Auta ta kira ta.

"Mama."

"Na'am, Auta."

"Jiya duk ina jin ku. Magana ce kawai na kasa."

Maman Dogo ta ci gaba da kallon inda za ta sa ƙafa.

"Da ya tambaye ki," Auta ta ce, ba tare da fushi ba, "kin daɗe kafin ki amsa."